Gine-ginen Zamani a Duniya da Abin da Za Mu Koya Kafin Mu Haƙa Harsashi

(Jawabin da kwamitin gine-gine ya gabatar a taron dattawa da wakilan ikkilisiyoyi)

 

An ba mu aiki mu yi magana a kan gine-ginen zamani a duniya. Da aka sanar da kan maganar, wani dattijo ya ja mu gefe ya ce, "'Ya'yana, mu da ko kwanon rufi bai ishe mu ba, ina ruwanmu da benayen Turai?" Tambayar baba tana kan hanya, kuma ita za mu yi ƙoƙarin amsawa yau.

Kusan kowace ikkilisiya da ke da wakili a nan tana da gini a gabanta: wata majami'a, wata gidan fasto, wata ajin yara ko ɗakin shan magani. Kuɗin kuwa mun san inda suke fitowa. Daga buhunan masara da dawa na godiyar kaka suke, da akuyar da aka kai kasuwa, da cinikin ƙosai da daddawa na iyayenmu mata. Kuɗin da aka tara da irin wannan gumi bai kamata a zuba su a ginin da ba ya zaunuwa a watan Afrilu ba, ko wanda zai tsaya a linta shekara goma ciyawa na tsirowa a ciki. Ga shi kuma a wurare da yawa inda muke 'yan kaɗan, samun fili da takardar izinin gini ba ƙaramar wahala ba ce. In dama ta samu sau ɗaya, ba lalle ta sake dawowa ba. Don haka ya dace mu duba yadda masana gini na duniya suke tunani a yau, mu ɗauki abin da zai amfane mu.

1. Inda duniya ta nufa

In aka ce ginin zamani, abin da ke zuwa zuciyar yawancinmu shi ne dogon bene na ƙarfe da gilashi. Akwai dalili. A ƙarni na 20 aka ƙware wajen haɗa kankare da rodi, na'urar hawa bene ta yaɗu, aka kuma samu na'urar sanyaya ɗaki, sai ya zama ana iya yin gini iri ɗaya a ƙasar ƙanƙara da ƙasar hamada. Ƙarshen wannan hanya shi ne Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a Janairun 2010, mai tsayin mita 828. Abin kallo ne ƙwarai. Amma gini irin wannan da wutar lantarki yake numfashi. In wuta ta ɗauke, gilashin da ya sa shi kyau shi zai mai da shi tanda.

A 'yan shekarun nan tunanin masana ya fara juyawa. An lissafta cewa sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Saboda haka aka koma neman wasu kayan. A ƙasar Nowe, a 2019, an gama wani bene mai hawa 18 da tsayin mita 85 wanda ginshiƙansa na katako ne. A Harare ta Zimbabuwe, tun 1996, wani mai zanen gini, Mick Pearce, ya yi cibiyar kasuwanci ta Eastgate yana koyi da shurin gara: ana jawo iskar dare mai sanyi ta ratsa cikin ginin, kankaren ya riƙe sanyin, da rana kuma iska mai zafi ta fice ta bututu a sama.

Akwai wata kyauta da ake kira Pritzker, wadda aka fara bayarwa a 1979, ita ce mafi girma a wannan sana'a. In muka duba waɗanda suka same ta daga 2014 zuwa 2022, za mu tarar da mutumin da ya yi wa masu gudun hijira ɗakuna da takarda, da wanda ya yi wa talakawa rabin gida, da wanda ya gina makarantar ƙauye da ƙasa. A 2021 Faransawa biyu ne suka samu, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal, waɗanda aka san su da ƙin rushe tsohon gini. A birnin Bordo sun gyara gidaje 530 na masu ƙaramin ƙarfi, suka faɗaɗa su, mutanen suna zaune a ciki ba a tashe su ba. Shi Vassal ɗin a Nijar ya yi aiki a farkon shekarun 1980, kuma gininsu na farko bukkar zana ce a bayan garin Yamai. Wato abin da manyan masana ke yabawa yanzu ya matso kusa da halin da muke ciki fiye da yadda muke zato.

2. Darasin Gando

A nan za mu ɗan daɗe, domin wannan misali ya fi kowanne kama da mu.

Gando ƙauye ne a Burkina Faso. A can aka haifi Francis Kere a 1965. Ba makaranta a garin, sai aka tura shi Tenkodogo yana ɗan shekara 7. Ajin da ya zauna na bulon siminti ne, ba iska ba haske, yara cike. Duk wanda ya yi firamare a ƙasarmu ya san wannan aji. Daga baya ya samu tallafi ya tafi Jamus koyon kafinta, ya zarce ya karanta zanen gini a Barlin. Tun yana ɗalibi ya kafa ƙungiyar neman taimako, ya dawo gida ya ce za a gina makaranta, amma da ƙasa. Mutanen garin ba su ji daɗi ba da farko. A ganinsu, wanda ya je Turai siminti da gilashi ya kamata ya kawo, ba laka da suka gaji da yaɓenta kowace shekara ba.

Ga abin da ya yi. Ya sa an haɗa jar ƙasar wurin da siminti kaɗan, aka matse ta da injin hannu ta zama bulo mai ƙarfi. Bango mai kauri irin wannan yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi. Ya ɗora ginin a kan harsashin dutse domin kada ruwan ƙasa ya ci gindinsa. Sa'an nan ya zo kan kwano, wanda shi ne babban abin da ke dafa mu. Bai yar da kwano ba, domin ya san shi ne ke tare ruwan sama. Sai ya yi wa ajin silin na bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da shi a kan ƙafafun rodi da maƙeran gari suka haɗa, ya bar sarari tsakaninsu. Iska tana wucewa ta wannan sarari tana kwashe zafin kwanon kafin ya sauko. Ya kuma sa kwanon ya zarce bango sosai ta kowane gefe, ya zama kamar malafa: rana ba ta dukan bango, ruwa ma ba ya dukansa.

An gama makarantar a 2001. Maza sun haƙa sun ɗauko dutse, mata sun ɗebo ruwa sun daɓe ƙasa. A 2004 ginin ya samu kyautar Aga Khan. Yara 120 aka fara da su, da aka ƙara azuzuwa suka kai 700. A ɗakin karatun da ya zana musu daga baya, tukwanen ƙasa na matan garin aka yanka aka jera a rufi, haske yana shigowa ta bakinsu, zafi yana fita. A 2022 Kere ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker.

'Yan'uwa, mu lura da abu biyu. Na ɗaya, ba wani kayan da aka yi amfani da shi a Gando da babu shi a ƙauyukanmu: ƙasa, dutse, rodi, kwano, siminti kaɗan. Bambancin yana wajen tsari. Na biyu, tun da mutanen garin ne suka yi aikin da hannunsu, sun san yadda za su gyara shi, kuma samari da dama sun fita da sana'a.

Sai mu kwatanta da abin da muka saba. Muna jera bulo inci shida, mu buga kwano kai tsaye a kansa ba silin, mu yi 'yan tagogi ƙanana, mu rufe su da gilashi don ado. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe mai wa'azi yana zufa, jarirai suna kuka, tsofaffi suna gyangyaɗi, mata suna fifita da littafin waƙa. Sai mu ce a sayi fanka, fanka ta ce a sayi janareto, janareto ya ce a kawo mai kowace Lahadi. In ruwan sama ya sauko kuwa, ƙarar kwano ta hana a ji ko kalma ɗaya. Duk wannan tun ranar da aka ja igiyar harsashi aka yanke shi.

3. Abin da ke ƙofar gidanmu

Ba sai mun je Burkina ba. A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gama wani aiki a 2018. Garin yana da tsohon masallacin ƙasa da ya lalace. Maimakon a rushe, sai aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da matsattsen bulon ƙasa, mai ɗaukar mutum 1,000, kuma magina na gargajiya suna cikin aikin. Masu zanen gini daga ƙasashe da yawa suna nazarin wannan aiki. Maƙwabtanmu ne, ƙasarsu irin tamu, zafinsu ma ya fi namu.

Kakanninmu kuma ba jahilan gini ba ne. Sun san tubali, sun san azara ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba, sun san bakan gizo da ke riƙe rufin soro mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya, sun san makuba da ke hana ruwa shiga bango, da indararo da ke jefa ruwa nesa da gindin gini. Babban Gwani Mikaila ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da wannan ilimi, har yau masana suna rubutu a kansa. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi irin waɗannan gine-gine don masu koyo. Mu ma muna da namu gādon. Majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki da ke Wusasa, wadda aka gina a 1929, da ƙasa aka yi ta bisa tsarin ginin Hausa, kuma ta kusa shekara 100 tana tsaye. Wanda bai taɓa shiga ba, ya yi ƙoƙari ya je da rana tsaka ya ji bambanci.

A kudu kuma akwai Demas Nwoko, wanda ya yi karatu a Zariya. A shekarun 1970 ya gina wa 'yan Dominikan ɗakin sujada a Ibadan da kayan gida, yana haɗa jar ƙasa da siminti, haske yana saukowa daga sama, iska tana ratsawa. A 2023, yana da shekara 87, aka ba shi babbar lambar girmamawa a bikin baje kolin zanen gini na birnin Venis a Italiya.

Me ya sa muka guji ƙasa? Gaskiya ita ce muna jin kunya. Muna ganin in majami'armu ta ƙasa ce za a ce mu matalauta ne, musamman inda ake mana kallon 'yan tsiraru. Wannan damuwa ce ta gaske, ba mu raina ta ba. Akwai kuma wahalar yaɓe kowace shekara. Amma bulon ƙasa da aka matse da inji, aka ɗora a kan harsashin dutse ko kankare, aka yi masa rufi mai faɗi, ba ya bukatar wannan yaɓe, kuma in an jera shi da kyau ko fenti ba ya so.

4. Ƙananan ikkilisiyoyi na Japan

A Japan Kirista kusan kashi 1 ne cikin 100 na jama'a. Sun san abin da ake nufi da zama 'yan kaɗan. Daga cikinsu aka samu majami'u biyu da duniya ta sani.

Ta farko tana Ibaraki, kusa da Osaka. Tadao Ando ne ya zana ta, mutumin da ya taɓa yin dambe, kuma bai yi jami'a ba. An gama ta a 1989. Ikkilisiyar ƙarama ce, kuɗinta kaɗan. Ɗakin bai fi murabba'in mita 113 ba, wato bai kai wasu azuzuwa biyu na makaranta ba. Bango kankare ne tsirara, ba fenti ba zane. Bencina da daɓen ƙasa da katakon da magina ke takawa a kan sikafol aka yi su. Adonta guda ɗaya ne: an tsaga bangon da ke bayan bagadi a siffar gicciye, daga sama har ƙasa, daga gefe zuwa gefe, hasken rana yana shigowa ta nan. Ana kiranta Majami'ar Haske, kuma mutane suna tasowa daga ƙasashe masu nisa don su gan ta.

Ta biyu ta fito ne daga masifa. A Janairun 1995 girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe, gobara ta cinye majami'ar Katolika ta Takatori, inda akwai 'yan gudun hijira daga Biyetnam cikin masu sujada. Shigeru Ban ya zo ya ce zai yi musu wurin taro da bututun takarda, irin wanda ake naɗe yadi a jikinsa amma mai kauri, an shafe shi da maganin ruwa. Da bututu 58 da masu aikin sa kai aka tsai da ita cikin mako 5. Ta yi musu aiki shekara 10. Da suka samu halin yin ta dindindin, aka kwance ta a 2005 aka aika wa wani gari a Taiwan da shi ma girgizar ƙasa ta taɓa. Bayan girgizar ƙasar Fabrairun 2011 a Kiraiscoc ta Niyu Zilan, wadda ta kashe mutum 185 ta kuma lalata babbar majami'ar Angilikan, shi ne ya yi musu ta wucin gadi da bututun kwali da kwantenoni, mai ɗaukar mutum 700, aka buɗe ta a 2013.

Ba muna cewa mu yi gini da takarda ba. Gara da ruwan Agusta ba za su bar mu ba. Abin da muke so mu ɗauka shi ne, wasu daga cikin ikkilisiyoyinmu sun rasa majami'unsu a lokutan tashin hankali, wasu suna zaman gudun hijira. Wurin sujada na wucin gadi ba abin kunya ba ne. Rumfa mai tsari, mai tsabta, wadda aka yi da tunani, ta fi harsashin babban gini da za a yi shekaru ana kallo ba a shiga ba.

5. Rabin gida mai kyau

A garin Ikike na ƙasar Cile, gwamnati ta ba da dala 7,500 ga kowane iyali don a sama wa iyalai 93 gidaje, har da kuɗin fili. Kuɗin ba za su yi cikakken gida ba. Alejandro Aravena da abokan aikinsa suka ce, maimakon ƙaramin gida marar kyau, bari a yi rabin gida mai kyau. Suka gina abin da iyali ba za su iya yi da kansu ba: harsashi, ginshiƙai, matakala, kicin da makewayi. Suka bar fili a gefen kowane gida, an riga an auna shi, domin mai gida ya cike da kansa in ya samu hali. An gama a 2004, kuma iyalan sun yi ta cikewa. Aravena ya samu Pritzker a 2016.

Mu ma kashi-kashi muke gini, amma ba tare da tsari ba. Mukan ɗauko zanen majami'ar birni mai mutum 1,000, alhali mu 150 ne, mu zuba duk abin da muka tara a harsashi. Rodin da ya leƙo yana tsatsa, bulo yana rugujewa, farashin siminti yana hawa, masu bayarwa suna gajiya, daga nan sai zargi ya shiga tsakanin dattawa da ma'aji. Mun ziyarci ikkilisiyar da yaran da aka haifa shekarar da aka haƙa harsashi sun shiga sakandare, har yanzu a tsohon ɗaki ake sujada. Da an zana ginin yadda kashin farko zai zama cikakken ɗaki mai rufi da ƙofa, da bango guda da aka shirya za a buɗe in jama'a ta ƙaru, da tuni suna ciki.

Girma kuma yana da nasa haraji. A Kalifoniya ta Amurka an buɗe wata majami'a a 1980 mai gilashi fiye da 10,000, Philip Johnson ne ya zana ta, ana nuna sujadarta a talabijin a ƙasashe da yawa. A 2010 bashi ya durƙusar da masu ita, daga baya aka sayar da ginin. Gini ba ya gama cin kuɗi ranar da aka keɓe shi.

Sai gargaɗi ga mu 'yan kwamiti. A shekarun 1940 Hassan Fathy na Masar, wanda ake ɗauka uban masu komawa ginin ƙasa, ya zana sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor. Ginin ya yi kyau, amma yawancin mutanen da aka yi domin su ba su yarda su bar tsohon garinsu ba, aikin ya tsaya ba a gama ba. Kome kyan zane, in ba a zauna da masu shiga ciki ba, aikin banza ne. A tambayi mata inda suke so a sa madafa da wurin masu goyo. A tambayi 'yan kwaya da malaman makarantar Lahadi. A tambayi guragu da tsofaffi game da matakala.

6. Rai ya fi gini

Duk abin da muka faɗa game da rage kuɗi, kada wani ya ɗauke shi izinin yin ha'inci. A Disambar 2016 rufin wata majami'a ya rufto a Uyo ana tsakiyar sujada, ginin ba a gama shi ba aka shiga, mutane da yawa suka mutu. A Nuwambar 2021 bene mai hawa 21 ya faɗi a Ikoyi ta Legas, fiye da mutum 40 suka rasu. A Yulin 2024 ginin makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos, aka rasa rai 22. Wasu a cikinmu sun je ta'aziyya.

Majami'a gini ne mai haɗari fiye da gidan zama, domin ɗaki ne mai faɗi ba bango a tsakiya, kuma ɗaruruwan mutane ke taruwa a ƙarƙashin rufi guda. Birkila, kome ƙwarewarsa, ba shi ne zai lissafta kaurin rodi da nauyin rufi ba. Wannan aikin injiniya ne mai rajista da hukumar COREN, zane kuma na mai rajista da ARCON. Kankare yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafta masa. Ranar keɓewa da aka riga aka buga a kati ba ta canja wannan. In gini bai nuna ba, a ɗaga ranar, baƙi su yi haƙuri.

7. Shawarwarinmu

Muna roƙon kowane wakili ya kai wa majalisar dattawansa waɗannan:

(a) A fara da takardun fili da izinin gini, da sunan amintattun ikkilisiya, ba da sunan mutum ɗaya ba.

(b) A ƙidaya masu sujada na gaske, a zana ginin kashi-kashi, kowane kashi ya zama abin da za a iya shiga a yi amfani da shi.

(c) A juya ginin yadda dogayen bangaye masu tagogi za su dubi kudu da arewa. Rana ta fi dukan gabas da yamma, hadari kuma daga gabas ya fi taso mana.

(d) A yi tagogi masu fuskantar juna, da ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take hawa.

(e) Kada a bar kwano ba silin. A bar sarari mai iska tsakaninsu, a sa raga saboda jemagu da tsuntsaye, a ɗaure rufin da kyau saboda guguwa. Kwano mai haske ya fi mai duhu sanyi.

(f) Rufi ya zarce bango, harsashi ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya. Kafin a yanke shawara a kan bulon ƙasa, a sa masani ya gwada ƙasar wurin, a kuma yi ɗan ƙaramin ɗaki da shi tukuna, kowa ya gani.

(g) Ƙofofi su zama aƙalla biyu a ɓangarori dabam, masu buɗewa waje, kuma kada a kulle su lokacin sujada. A yi gangara don keken guragu.

(h) A tari ruwan rufi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 200, a shekarar da aka samu milimita 800, zai zubar da lita 160,000, wato duro 800.

(i) A dasa itatuwa a gabas da yamma tun ranar da aka ja igiya, nesa kaɗan da harsashi.

(j) A karanta lissafin kuɗin gini a gaban ikkilisiya a kai a kai, a kuma ware wani abu kowace shekara don gyara.

Muna kuma kira ga 'ya'yanmu da suka karanta zanen gini da injiniyanci, su ba da sunayensu ga sakataren tarayya kafin a tashi, domin ƙananan ikkilisiyoyin da ba su da halin biyan masani su san wanda za su nema. Kere ma ɗan ƙauye ne da ya koma gida da abin da ya koyo.

Kammalawa

Baba da ya yi mana tambaya, ga amsarmu. Ruwanmu da gine-ginen duniya shi ne, waɗanda suka fi kowa sanin wannan sana'a sun zagaya sun dawo kan tambayoyin da kai ma kake yi in za ka kafa ɗaki a gidanka: ina rana take fitowa, ina hadari yake tasowa, me ke akwai a kusa, nawa ke hannu, wa zai gyara in ya lalace. Muna roƙo kada wata ikkilisiya ta haƙa harsashi a wannan rani sai majalisarta ta zauna ta amsa waɗannan a rubuce, ta kuma nuna wa injiniya.

 Kwamiti yana nan bayan cin abinci don tambayoyi, musamman daga waɗanda suka riga suka fara gini. Ubangiji ya ba mu hikima, ya kuma mai da kowa gidansa lafiya. Amin.